Ɗan Kifin da Ba Ya Ihun Ƙarya

Duwala garin kifi ne. Da asuba jiragen masunta na sauke kaya a Youpwé, da yamma hayaƙin gasasshen kifi na tashi a bakin titunan New Bell, ana ci da miyondo da barkono kusa da teburan masu tsire. Amma duk wannan hidima ta manyan kifaye ce, na teku da na shagunan ƙanƙara. Akwai wani ɗan kifi da ba ya hawa waya a gasa shi, ba a kuma cinikinsa shi kaɗai. In ma ya shigo kasuwa, to a busasshe ne cikin tsibi, ya gauraye da wasu ƙanana irinsa, mai saye ba ta tambayar sunansa. Wanda ya taso a Nkololoun zai iya tsufa bai taɓa ɗora shi a tafin hannu ya dube shi ba. Ga shi kuwa a cikin fatarsa an ajiye wani tsari da ya isa a zauna a yi tunani a kansa.

Ruwan gishiri ba ya karɓarsa. Kogin Wuri kuwa, a daidai gadar Bonabéri, ya riga ya fara gauraya da teku, yana cika yana janyewa. Don haka mai son ganin ɗan kifin sai ya bar gari, ya nufi ƙananan rafukan daji masu zuba a Dibamba da Mungo, ko ya haura wajen Yabassi, yankin da Nkam da Makombé ke haɗuwa su zama Wuri. A can, inda inuwar itatuwa ta rufe ruwa, ƙasan rafin yashi ne da ruɓaɓɓen ganye. In aka tsaya cik na ɗan lokaci, za a ga wani abu na walƙiya ƙasa-ƙasa. Su ne. Ba sa tafiya ɗaya-ɗaya, ayari suke yi, su juya tare, su tsaya tare.

Masana sun sa wa danginsu suna Enteromius, kuma ire-irensu sun haura 200 a Afirka, daga rafukan Kamaru har tafkin Cadi da fadamun Haɗeja da gulbin Sakkwato. Ɗaya daga cikin masu sauƙin ganewa a wannan yanki shi ne callipterus, wanda George Boulenger na gidan tarihin Landan ya bayyana a 1907 daga kifayen da aka kamo a kudancin Kamaru. Da wuya ya kai santimita 10. Jikinsa fari-fari ne mai ɗan ruwan zinariya, fiffiken bayansa na da ɗigon baƙi, ga 'yan gashin baki da yake lalube da su cikin yashi.

A buɗe bakinsa, ba haƙori ko ɗaya. Haƙoran suna can cikin maƙogwaro, suna niƙa abinci a jikin wani tauri da ke sama da su. Ba shi da tumbi, daga maƙogwaro sai hanji, shi ya sa yake wuni yana tsince-tsince: tsutsar sauro, ƙananan ƙwari, gansakuka, duk abin da ya faɗo daga bisa itace. Ba shi da ƙaya irin ta kurungu, ba wutar minjirya, ba ƙarfin tarwada. In damina ta kankama, kuma daminar Duwala ba wasa ba ce, domin ruwan da ke sauka a shekara ya haura milimita 3,500, kusan ninki huɗu na abin da Kano ke samu, sai rafuka su tumbatsa su shiga ciyawa. Nan mace ke watsa ƙwai, namiji ya bi ya zuba nasa ruwan, su yi gaba. Ba sheƙa, ba gadi, ba reno. Cikin kwana ɗaya ko biyu ƙwan ya ƙyanƙyashe, kuma tun daga ranar kowa na nemansa: tufi na kwance cikin ciyawa, zalɓe na tsaye a gefe, ga maciji, ga ƙwarin ruwa, ga yara da tsohon gidan sauro. Halitta ce kamar an yi ta don a ci. To me ya hana ta ƙarewa?

Yawan ƙwai na cikin amsa, amma ba shi ke nan ba. An ba shi ji fiye da na yawancin kifaye. A cikinsa akwai jakar iska da ke hana shi nutsewa, kuma daga jakar zuwa kunnensa na ciki an jera wasu 'yan ƙasusuwa, duk abin da ya girgiza jakar sai su miƙa shi ga kunne. Tarwada da kawara ma suna da su, domin babban gida ɗaya suka fito, gidan da ya ƙunshi wajen kashi biyu cikin uku na kifayen ruwan daɗi na duniya. An kuma ba shi hanci, wanda ba ya numfashi da shi sam. Ruwa ke shiga ta ƙofa ɗaya ya fita ta ɗaya, aikinsa sansana kawai. Garin binciken kunnen nan ne aka ci karo da abin da ke cikin fata.

A shekarun 1930, Karl von Frisch, mutumin Ostiriya wanda daga baya ya sami kyautar Nobel a 1973 saboda aikinsa kan ƙudan zuma, yana nazarin jin wani ɗan kifin Turai, ɗan'uwan wannan namu. Ayarin kifayen ya saba da zuwa wuri guda cin abincin da yake zuba musu. Wata rana ya kama guda, ya ɗan tsaga shi kusa da wutsiya don ya riƙa shaida shi, ya mayar da shi ruwa. Sai ayarin ya firgice ya watse, suka ƙaurace wa wurin da suka saba ci. Wani zai ce jini suka gani, ko kuwa yadda ɗan'uwansu ke iyo a karkace. Shi bai tsaya a kan zato ba. Ya daka fatar kifin, ya tace, ya zuba ruwan tatar wanda ido ba ya ganin komai a ciki, suka watse. Ya gwada wasu sassan jikin, tasirinsu bai kai na fata ba. Ya gwada da kifayen da aka kashe wa jin wari, ko gezau ba su yi ba. A 1938 ya fara buga abin da ya gano: akwai wani sinadari a fatar waɗannan kifaye, in ya zuba a ruwa 'yan'uwa su sansano, su san an taɓa ɗayansu.

Ƙarfin abin ya wuce zato. A jami'ar Saskatchewan ta Kanada, inda Jan Smith da ɗalibansa suka shafe shekaru a kan wannan batu, an ƙiyasta cewa guntun fata mai santimita ɗaya tsawo da faɗi na iya isar da gargaɗi cikin lita 58,000 na ruwa, wato jarka 2,900 mai cin lita 20. Kifin da ya sansano yakan zabura, sannan ya sandare, ko ya faɗa ƙasa ya lafe cikin ganye. Ayarin ya matse, ci ya tsaya. Ba wanda ya koya musu wannan. Ko wanda aka rena a akwatin gilashi, bai taɓa ganin maƙiyi ba, in ya yi 'yan makonni a duniya ya shaƙi warin, haka zai yi.

Amma abin da ya fi kama hankali shi ne inda aka ajiye sinadarin. Fatar kifi tana da 'yan jakunkuna iri-iri da ido ba ya gani. Masu fitar da yauƙi, wannan santsin da ke sa kifi ya kuɓuce daga hannu, kowace na da baki a waje, tana tsiyaya kullum. Masu ɗauke da gargaɗi kuwa a rufe suke ruf, ba su da ƙofa. Kifin ba shi da yadda zai matsa su su buɗe. Tsoro ba ya buɗe su, fushi ba ya buɗe su, son a kula da shi ba ya buɗe su. Hanya ɗaya ce, haƙori ko baki ko ƙaya ya keta fatar, jakunkunan su fashe. An hana shi yin shela sai da jikinsa. Ba zai iya cewa ga maƙiyi nan don ya kori 'yan'uwa daga abinci ya cinye shi kaɗai ba, ba zai kuma iya faɗin abin da ya ji an ce ba. Duk gargaɗin irin wannan da ya shiga ruwan rafi, akwai wanda ya biya da fatarsa. Shi ya sa ayarin ba ya tsayawa tambayar wa ya faɗa.

Ɗan Adam akasin haka aka yi masa. Magana ba ta cin masa komai, ga waya ta zo ta ƙara masa tsawon murya. A watan Agusta 2014, makonni kaɗan bayan cutar Ebola ta shiga Legas, saƙo ya zaga Najeriya cikin dare ɗaya cewa a yi wanka da ruwan gishiri, a kuma sha kafin gari ya waye. Mutane suka riƙa tayar da 'yan'uwa daga barci da kiran waya. Aƙalla mutum 2 suka rasu, wasu da dama aka kwantar a asibiti, kuma gishirin ne ya kwantar da su. A cikin dubban da suka tura saƙon, da wuya a sami wanda ya taɓa ganin mai Ebola da idonsa. Haka ihun ɓarawo yake a kasuwa, ko ihun wanda ya ce an shafe shi gabansa ya ɓace, wanda ya sha jawo a kashe baƙon da bai san hawa ba bai san sauka ba, a Kamaru da Najeriya duka. Mai ihun ba abin da ya fita daga jikinsa sai iska.

Su kuwa waɗanda aka keta wa fata da gaske, sau da yawa su ne suka fi kowa shiru. Ɗan kasuwar da wani ya karɓi dilar gwanjonsa bashi ya ɓace, sai ya haɗiye, don kada a ce ba shi da wayo. Mako na zagayowa a yi wa maƙwabcin rumfarsa irin ta. Matar da uwar adashe ta cinye wa zubi, ta yi gum, ta bar ƙawarta ta shiga sabon zagaye. Lokacin da tsarin zuba kuɗi na MMM ya kulle asusun mutane a Najeriya a Disamba 2016, da lokacin da hukuma ta rufe irinsa, MIDA, a Yawunde a 2018, jama'a sun yi ta salati. Sai dai irin wannan tarko ba ya rufawa da kowa lokaci guda, akan sami waɗanda suka fara jin ƙasa na motsi. Wasu kunya ke rufe musu baki. Wasu kuma, abin da ya fi muni, sai su ƙara ƙaimi wajen jawo sababbi, ko nasu kuɗin ya fito. Kifi bai iya wannan ba. Ba zai ɗinke fatarsa ya dawo cikin ayari yana cewa lafiya lau ba.

A yi adalci, shirun nan ba dukansa ne aibu ba. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma rufin asiri na cikin abin da ake roƙo bayan kowace salla. Unguwar da kowa ke tallar abin da aka yi masa ba ta zaunuwa. Amma malamai tun da daɗewa sun raba tsakanin giba da nasiha. Imam Nawawi, wanda ya rasu a 1277, ya lissafa wurare 6 da ambaton aibin mutum a bayan idonsa ya halatta, daga ciki har da gargaɗin jama'a. Wanda aka nemi shawararsa kan ba wa wani aure, ko haɗa jari da shi, ko ba shi ajiya, wajibi ne ya faɗi abin da ya sani, da sharaɗin niyyarsa nasiha ce, ba hassada ba. Ashe akwai raunin da ba na mai shi kaɗai ba ne. Mai rufe shi yana ganin mutuncinsa yake tsarewa, alhali fatar na kusa da shi yake bayarwa.

Masana sun daɗe suna kai-kawo kan wata tambaya: shi wanda aka cafke, me ya samu? Yana bakin tufi, gargaɗinsa ya ceci wasu, shi ya tafi. Ƙera jakunkunan nan kuma ba kyauta ba ne, an lura kifin da ba ya samun ƙoshi nasa sun fi kaɗan. A 2007 Douglas Chivers da abokan aikinsa suka zo da wata amsa. Sun tarar yawan jakunkunan ba ya ƙaruwa in aka tsorata kifi da maƙiyi, amma yana ƙaruwa in aka haɗa shi da tsutsotsi masu huda fata ko funfunar ruwa. Suka ce ga alama asalin aikinsu magani ne, an shimfiɗa shi a fata don ya fashe daidai inda rauni ya auku. In haka ne, mai raunin jinyar kansa yake yi, 'yan'uwa ne aka ba hancin da ke gane warin maganin. Har yanzu ana muhawara a kan wannan, amma ko yaya ta ƙare, hikimar a fili take. Abu ɗaya aka sa ya yi aiki biyu, waraka ga mai ciwo, labari ga mai lafiya.

Duwala ta san wannan a aikace. Kwalara ta fara shigowa garin a 1971, a 2004 kuma ta ɓarke ta kama dubban mutane, musamman a unguwannin da rijiya ba ta da zurfi kuma masai na kusa da ita. A irin wannan lokaci, gidan da ya ɗauki mai amai da gudawa ya kai asibiti da wuri, ɗansa yake ceto, ba unguwa ce a ransa ba. Amma daga zuwan nasa ne ma'aikatan lafiya ke sanin layin da za su bi, da rijiyar da za su zuba wa magani. Gidan da ya ɓoye nasa a ɗaki don gudun surutu, shi ya rasa magani, maƙwabta sun rasa labari. Ba sai mutum ya zama gwarzo ba kafin rauninsa ya amfani jama'a, ya isa ya nemi magani a fili.

Sinadarin kuma yana koyarwa. Ɗan kifi ba a ƙyanƙyashe shi da sanin duk maƙiyansa ba. In ya shaƙi warin wani baƙon kifi shi kaɗai, ba ruwansa. Amma in warin ya zo tare da na fasasshiyar fatar ɗan'uwa, ko da sau ɗaya ne, ya haddace ke nan. Bayan makonni in ya sake jin warin baƙon, ba tare da kowa ya ji rauni ba, zai ɓuya. An ma gwada sa sabon kifi da bai san komai ba cikin waɗanda suka riga suka sani. Ya ga sun firgita da wani wari, shi ma ya ɗauka, ya kuma riƙe bayan an raba su. Shi kansa mafaraucin bai tsira ba, domin warin fatar da ya haɗiye na bin cikinsa ya fito a kashinsa, har waɗanda ba su taɓa ganinsa ba su shaida shi. A wani gwaji a Kanada an ga wani dogon kifi mafarauci na ƙasashen sanyi yana barin wurin da yake farauta, ya tafi can gefe ya yi kashi, sannan ya dawo. Ɗan damfarar da ke sauya lamba da suna ya tsallaka wani gari, wannan darasi ne ya sani.

Zaman zango a kan irin wannan koyo ya ginu. New Bell unguwa ce da ta samo asali daga rikici. Jamusawa suka ƙudura tayar da mutanen Duwala daga bakin kogi su mayar da su can baya, Sarki Rudolf Duala Manga Bell ya ƙi, ya kai kuka har majalisar Jamus, suka rataye shi ranar 8 ga Agusta 1914. Filin da aka ware ya koma matattarar baƙi, Hausawa da Bamileke da Basa da Ewondo da mutanen ƙasashe maƙwabta. Bahaushen da ya gangaro daga Ngaundare ko Garwa ko Kano da kayan fatauci, bai san harshe ba, bai san gari ba, abin da ya fara nema shi ne mai masauki. Ɗaki da tuwo ƙaramin abu ne cikin abin da mai masauki ke bayarwa. Babban abin shi ne sunayen da ke kansa: wane ba a ba shi bashi, wane dillali harshensa biyu, hanya kaza ba a bin ta bayan magariba. Kowane suna a ciki, sai da wani ya yi asara kafin ya shiga. Baƙon da ya saurara ya ci ribar raunin da ba a jikinsa yake ba, gani ga wane ya isa wane tsoron Allah. Yau saurayi na sauka daga mota da waya a hannu, yana ganin zaman zaure ɓata lokaci ne, ya karɓi babur bashi ya shiga acaɓa, wadda a Duwala ake kira bensikin, sai ya koyi komai daga farko da fatarsa.

Akwai wata ƙa'ida da aka gani a jikin ɗan kifin Amurka ta Arewa da aka fi yin gwaje-gwajen nan da shi. Shi, saɓanin na Kamaru, yana gadin ƙwai. Namiji ya sami ƙarƙashin dutse ko gungume ya goge shi tas, mace ta manna ƙwai a rufin, shi kuma ya tsaya yana shafa su da bayansa, yana karo da duk namijin da ya matso. Aiki ne na ƙujewa da gurjewa. Da jakunkunan gargaɗi na nan, da kullum sai ya tayar da hankalin rafi a banza, ya kori matan da yake jira. To a daidai wannan lokaci jakunkunan sukan ɓace daga fatarsa, sai an gama su dawo. Hancinsa kuwa na nan, in wani ya ji rauni na gaske yana ji, yana ɓuya. Wanda ya tsara haka ya bambanta ƙujewar hidimar gida da cizon maƙiyi. Mutane da yawa ba su kai nan ba. Saɓanin miji da mata, gardamar abokan ciniki kan canji, 'yar ƙurar da ba a rasawa tsakanin masu haya a gida ɗaya, duk sai a ɗora a WhatsApp da muryar gobara. Ranar da mai wannan hali ya zo da labarin gaske, an riga an gaji da shi.

Batun yunwa kuwa ya kamata ya sa a rage saurin zagin mutane. A wani gwaji na 1996 an hana kifaye abinci na ɗan lokaci, sannan aka zuba musu sinadarin tare da warin maƙiyi. Ba su gudu ba, suka ci gaba da harkarsu kamar ba su ji ba. Da aka ƙosar da su, aka sake kawo warin maƙiyin shi kaɗai, sai suka ɓuya. Ashe sun ji, sun kuma haddace, yunwa ce ta rinjayi tsoro. A watan Oktoba 2013 an tsinci gawar 'yan ci-rani 92 a hamadar arewacin Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, 52 daga ciki yara ne, 33 mata. Motocinsu ne suka lalace, ƙishirwa ta kashe su, kuma yawancinsu daga yankin Kance na jihar Damagaram suka fito. Labarin ya shiga kowane gida, Nijar ta yi zaman makoki na kwana 3, amma tafiyar ba ta tsaya ba. Mai ƙoshi zai ce ba sa jin magana. Sun ji sarai. Gargaɗi ya fi kama wanda ke da abin da zai koma ya ci in ya fasa tafiya, kuma mai wa'azin da bai zo da ko loma ɗaya ba, rabin aiki ya yi.

Duk wannan tsari a kan ruwa ya rataya, domin ruwan ne ke ɗaukar saƙon daga fata zuwa hanci. An gwada an gani, in ruwa ya ɗan yi tsami, ƙasa da abin da zai kashe kifi, gargaɗin ya daina aiki. In jan ƙarfe ya narke a ciki, ko da ɗan mitsitsi ne, hancin kifi ya dushe. Kifin na nan da rai, yana iyo, yana ci, ido ba zai ga wani ciwo a jikinsa ba. A cafke ɗan'uwansa a gefensa, fata ta fashe, gargaɗi ya zuba yadda aka tsara, ya ratsa ta hancinsa bai ji komai ba. Wanda ya biya da jikinsa ya biya a banza. Haka mai gaskiya ke ƙarewa a unguwar da ƙarya ta riga ta gurɓata yarda, ya tona cikinsa, a ɗauke shi ɗaya daga cikin masu surutu.

Magudanan Duwala, irin su Ngoua da Mboppi da Tongo Bassa, asalinsu rafuka ne kamar waɗancan na hanyar Yabassi. Yau abin da ke bin su shi ne ruwan wanki da na masai, baƙin man garejin makanikai, dattin masana'antu, da leda da robar ruwa da ke toshe su har ruwan Agusta ya rasa hanya ya shiga ɗakuna. Hukumar birni takan kawo motoci ta yashe su, an kuma gina wasu da kankare da tallafin Faransa. Yasa na fitar da leda da yashi, ta buɗe wa ruwa hanya. Abin da ya riga ya narke kuwa ba ya hawa shebur, sai dai a tare shi tun daga bakin gareji da masana'anta da bayan gida, kafin ya shiga.